Butar Hajiya Ƙarama

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a makarantar yara. Wata ɗaya na gwaji, sannan a ga ko za a riƙe ni. Shugaba, wadda yara ke kira Anti Babba, ta ba ni kujera mai tsawon gwiwa da littafi, ta ce, "Zauna ki duba. Kada ki taimaki yaro sai ya nema." Shekara huɗu a jami'a don in koyi zama. To, madalla.

Laraba, 5 ga Maris

A nan yaro ne ke zaɓen aikinsa daga kan kantar da ake jera kayan aiki. Akwai wata 'yar shekara uku, na sa mata Hajiya Ƙarama saboda yadda take kallon mutane sama da ƙasa. Aikinta ɗaya: zuba ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi. Rabi a kofi, rabi a tire. Ta goge, ta sake.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kasa jurewa. Na karɓi butar na zuba mata, ko ɗigo bai faɗi ba. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta tashi abinta.

Anti Babba ta ce, "Sannu Malama, ashe kin iya zuba ruwa." Da zagina ta yi da ya fi sauƙi.

Talata, 11 ga Maris

Kwana uku na makaranta Hajiya Ƙarama ba ta taɓa butar ba. Sai ta tsaya a bayana ta ce, "Ke ki yi." Na ga Anti Babba tana rubutu. Idan yarinyar nan ba ta koma kan butar ba, ni ma ba zan dawo wata mai zuwa ba. Ba sai an faɗa min ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Lallashi bai yi ba. Yabo ma bai yi ba. Ba dai 'yar shekara uku ce za ta kore ni daga aiki ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na zauna gefe na zuba nawa ruwan, na bar shi ya zube a tire, na ɗauko tsumma na goge ban kalli kowa ba. Daga bayana na ji Hajiya Ƙarama ta ce, "Malama ba ta iya ba." Na haɗiye, har da digirina.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta ɗauki butar. Wai za ta nuna min.

Juma'a, 28 ga Maris

Babanta ya zo ɗaukarta da wuri, ya tarar da ita tana zubawa, ruwa na bin gefen kofi. Ya miƙa hannu zai gyara mata riƙo. Sai kawai na ji yatsuna a bakin hannun rigarsa. "Yallaɓai, bar ta." Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba! Ya tsaya kuwa, muka jira tare har ta gama.

Anti Babba ta ce Litinin in zo da wuri, ni zan shirya kantar kayan aiki. Da alama an riƙe ni ke nan.

Har yanzu ina ganin tsarin nan da ɓata lokaci a cikinsa. Hannuna ne dai ya riga ni.