Sunan da Ba Ki Taɓa Faɗa Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Damina uku ke nan da aka kai ki makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Waɗanda za su ga wannan a waya su yi haƙuri, da uwata nake magana.

Inna, an ɗauke ni makaranta. Kwalejin kimiyya da fasaha ce, can ƙetaren iyaka, wajen da kike cewa daga nan kakanninmu suka taso. Suna da wata shekara guda ta share fage, inda ake zaunar da irinmu 'yan lakol, masu karatun Faransanci, a gyara mana Ingilishi da lissafi, in mutum ya ci sai ya wuce karatun difloma. Ni fannin aikin ruwa na nema. Bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, shekara biyu na yi zaune a gida, don haka ranar da na ga sunana a jerin waɗanda aka ɗauka, ihun da na yi har kajin Gwaggo Hassu sai da suka watse.

Kin san dalilin ruwan. Na tashi ina ganin tafin hannunki ya yi kanta saboda igiyar guga, rijiyar garinmu gaba ashirin. Ina ƙarama na ce miki in na girma sai na kawo fanfo har tsakar gidanmu. Kika yi dariya kika ce, "To likita, kafin fanfon ya zo ɗauki tulu." Kowa ya yi karatu likita ne a wurinki.

To, an ɗauke ni, amma ba zan shiga ba. Abin da na zo in faɗa miki ke nan, kuma da hannunki a ciki.

Kin tuna ranar da kika kai ni lakol? Shekarata bakwai. Baba ya tafi arewa neman aiki, don haka ke kika riƙo hannuna. Mushe, malamin makarantar, na zaune ƙarƙashin itacen bedi da tebur da babban littafi, ya ɗago kai ya tambaye ki sunan yarinya. Kika ja mayafi kika sunkuyar da kai, kina zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa. Ni ce 'yar farinki, ga shi kuma sunan surukarki aka sa mini, Rakiya, ita kuwa Iya tana nan da ranta a gida. Kunya biyu ta haɗu miki wuri ɗaya. Sai da ya tambaya sau uku kafin kika ce, "Uwani muke ce mata."

Ya rubuta Uwani. Daga baya darakta, shugaban makarantar, ya yi mana takardun haihuwa gaba ɗaya ajin, da sunayen da ke cikin littafinsa. Da Uwani na yi firamare, da ita na ci gaba da karatu a Gazawa, da ita na je Agye, ita ta ci bak. Ba wanda abin ya dama, har ni.

Waccan takardar ta darakta ta tafi a ruwan da ya ci ɗakinmu, daminar da kika rasu. Da muka buɗe akwatinki sai muka sami wata, naɗe cikin leda ƙarƙashin zannuwanki, wadda Baba ya karɓo mako guda bayan suna. Rakiya ce a jiki. Na yi murna, na ce Inna ta yi mini ajiya. Da ita na yi katin shaida, ban tsaya na yi tunanin komai ba.

Makon jiya na ƙetara don yin rajista. Na sa atamfar nan taki mai ruwan ganye, na rage mata tsawo. Matar da ke buro, ofishin rajistar, ta ɗora takardar bak a dama, katin shaida a hagu, ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan ta dube ni. Ta ce gurbin na Uwani ne, wadda ke gabanta kuma Rakiya ce. Ta ce sun sha ganin ƙanwa ta zo da takardun yayarta. Ba ta yi mini tsawa ba, har kujera ta ba ni. Na yi mata bayanin kunyar 'yar fari, ta ce ta sani sarai, ita ma uwarta ba ta kiran sunanta, amma ba za ta iya rubuta kunya a fom ba. In kawo takardar kotu da ta ce mutum ɗaya ne, kafin Alhamis, ranar da za a rufe.

Na dawo na shiga nema. Mushen da ya rubuta ni ya rasu. Limamin da ya raɗa mini suna ya rasu, Iya ma ta bi ki. Baba shekara shida ba amo ba labari. Littafin lakol ɗin gara ta cinye rabinsa, kuma shekararmu na cikin rabin da ta ci. A inda ake ajiyar takardu an duba mini kwana biyu ba a ga kwafin ta darakta ba. Sai aka ce in kawo shaidu biyu da suka san ni tun haihuwa.

Na ɗauki Gwaggo Hassu, ƙanwar Baba, da Kawu Idi, wanki. Gwaggo ta bar rorar ayarta a gona ta hau kabu-kabu, ita da ke cewa ko gawarta kar a ɗora a babur. Tun a hanya nake koya mata, ina ce mata kalma ɗaya ce, ta faɗa mu tashi. Ta ce in bar mata komai.

Alƙali ya tambaye ta sunana na yanka. Inna, da kin ga Gwaggo. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, wallahi kamar ke a ƙarƙashin bedi. Sunan uwarta ne, uwar da ba ta daɗe da shiga ƙasa ba. Bakinta ya motsa ya motsa, daga ƙarshe ta ce, "Mai sunan Iya ce, ranka shi daɗe." Ya ce ta faɗi sunan. Sai hawaye.

Aka juya ga Kawu. Kin san wanki, ko za a yanka shi ba ya ƙara gishiri a magana. Ya ce, "Ni dai tsakanina da Allah, lokacin suna ina cin rani. Tun da na dawo Uwani na ji ana ce mata, ban taɓa jin wani ya kira ta da wani suna ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Alƙali ya rufe takardu ya ce shaida ba ta cika ba, mu dawo da wasu bayan wata guda.

A waje Gwaggo ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri. Na so in yi fushi, na rasa da wa zan yi. Da ita, da ta girmama uwarta? Da Kawu, da ya ƙi yin ƙarya? Ko da ke?

Na gwada yin fushi da ke, Inna, bai zauna ba. Duk lokacin da na fara sai in tuna ki a gonar aya tsakar rana, kina tankaɗe ƙasa, fuskarki fari fat, don ki saya mini kaye na rubutu da alƙalami. In tuna yadda in mutane na nan ko kallona ba kya yi, in sun watse ki tura mini ƙuli-ƙuli a tafin hannu. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kuma ban taɓa shakkar kina sona ba.

Yau Alhamis. Da azahar na kira matar buron, ta ce an ba wa mai bi mini gurbin. Ta ce in sake nema baɗi, in Allah ya kai mu. Na yi mata godiya. Daga nan na ɗauki guga na tafi rijiya, don randa ba ruwa. Igiyar tana nan yadda kika bar ta, yanzu hannuna take ci.

Ban san ko baɗi za a sake ɗaukata ba. Ban san inda zan samo mutum biyu da suka ji an raɗa mini suna kuma bakinsu zai iya faɗa ba. Ina jin tsoro, Inna, kuma ba wanda zan faɗa wa sai ke.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan da ba a jan sa da igiya. Allah ya jiƙan Iya. Ya dawo mana da Baba in yana raye. Ni kuma ya buɗa mini inda ban zata ba. Amin.

An ce in zaɓi suna ɗaya in tsaya a kansa a duk takarduna. A wannan dai na zaɓa.

Taki har kullum,
Uwani