Muryar Malam tana nan tana yi wa baƙi sannu da zuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Idan mutum ya rasu ya bar muryarsa a duniya, ta wa ce, ta matarsa, ko ta 'ya'yansa, ko ta duk wanda ya saurare ta? Tun da na fita takaba nake juya wannan tambaya ban samu amsa ba, don Allah ku ba ni shawara. Admin a sakaya sunana. Ni tsohuwa ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ban yi boko ba, maƙwabciyata malamar Islamiyya ce take rubuta abin da nake faɗa, in kun ga magana ta karkace kuka ne ya katse ni.

Mijina, Malam, manomi ne, yana kuma karantarwa a zaure. 'Yarmu ta fari, wadda har yau ban taɓa kama sunanta ba saboda kunya, ita ce ta yi karatu mai zurfi a kan halayyar ɗan Adam. Ta buɗe ɗan ofis a Kano inda masu damuwa suke zuwa su faɗi abin da ke cin su, wanda barci ya ƙaurace wa, wadda ta haihu hankalinta ya ƙi kwanciya, wanda aka yi wa rasuwa. Ba ta ba da ƙwaya ko allura, sauraro ne da magana. Sai ta ce tana son shafi a intanet, don mai jin nauyin zuwa ya fara leƙawa ta waya.

Da damina ta zo gida da shafin da wani mai wannan sana'a ya haɗa mata, ta ce a kanmu za ta fara gwadawa tunda irinmu take so su zo. Hoton wata farar kujera ce ta Turawa, a ƙasa an rubuta, mece ce matsalarka. Malam ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ko a caji ofis ana bari mutum ya zauna kafin a tambaye shi haka. Ita ma ta yi dariya, ta ce da ma abin bai kwanta mata ba. Suka wuni a gindin darbejiya suna gyara. Ta cire kujerar ta ɗauki hoton tabarmarsa da kwanon sha a kai, ta ƙara girman rubutu, ta sa Hausa a gaba, lambar waya a sama, da layin da ya ce sirrinka ba mai jin sa. Ni ma aka tambaye ni launi, na ce kore irin na gero in ya fara tashi. Sai ta ce to waɗanda ba sa karatu irin su Inna fa? Ta roƙi babanta ya gaishe da mai shigowa yadda yake gaishe da baƙo a zaure, ta ɗauka a waya. Abin da ya ce kaɗan ne, sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya, zauna ka huta tukuna, ba gaggawa, in ka sha ruwa ma yi magana. A bayan muryarsa ana jin taɓaryata, ina daka a tsakar gida ban ma san ana ɗauka ba.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, geronsa na tsaye a gona wasu suka yanke. Allah Ya jiƙansa. Ina cikin takaba aka buɗe shafin.

Fitata ta farko na shiga motar Ɗanbatta zan gaishe da ƙanwata. Muna cikin tafiya sai na ji Malam a bayana yana cewa sannu da zuwa. Wallahi kafin in ankara na amsa da ƙarfi, na ce yauwa Malam. Wata mata ce da goyo take danna wayarta. Ta ce Baba ki yi haƙuri, wani tsoho ne a intanet, ba ta san shi ba, amma kullum sai ta saurare shi, don tun da ɗanta ya rasu ba wanda ya ce mata ba gaggawa, kowa sai dai ya ce ta daina kuka. Ta ce tana tara ƙarfin hali ne ta kira lambar. Ban ce mata nawa ne ba. Na rufe fuska da mayafi har tasha.

Yanzu ga inda rigima take. Ɗana mai bi wa 'yar farin, yana sayar da hatsi a Dawanau, ya zo ransa a ɓace, wai abokan kasuwa suna tsokanarsa cewa ubansa ne ke kiran mahaukata a waya. Ya ce mamaci addu'a yake buƙata, ba a dinga yawo da shi a aljihun mutane ana kunna shi a inda ya dace da inda bai dace ba. Yayarsa ta ce ba mahaukata ba ne masu zuwa, kuma da yawansu muryar nan ce ta sa suka daure suka kira, sadaka ce mai gudana. Magana ta yi zafi har ya ce ta mai da ubansu kayan talla, tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Ƙanin Malam ya ce uwarsu ce za ta yanke, ranar Juma'a za su zo su ji bakina.

In na ce a cire, 'yar tawa ta ce za ta sa min muryar a wayata ni kaɗai, amma sai matar nan mai goyo ta faɗo min. In na ce a bari, ɗana ya rantse ba zai ƙara zama inuwa ɗaya da yayarsa ba, ni kuma duk motar da zan shiga gabana faɗuwa yake. Ga mai sauraron damuwar mutanen Kano a cikina ta fito, amma 'yar fari ce, ban saba haɗa ido da ita ba balle in zauna in yi mata kuka, shi ya sa na kawo muku.

Jama'a in ce a cire ko in ce a bari? Kuma in faɗa musu abin da ni kaɗai na ji daga bakin Malam? Ina tsoron ɗana ya ce ai ga shi nan Malam bai gamsu da muryar ba, yayarsa kuma ta ce ai so yake ta zauna. Da hantsin ranar da zai cika na ɗago kansa ina ba shi kunu, ya kurɓa ya ture kofin, ya dube ni ya ce, in yarinyar nan ta zo ki ce mata a sake ɗaukar muryar nan, na manta ban tambaye su mutanen gida ba.