Na Zaɓa wa Baba Kwamfuta, Keken Surfaninsa Bai San Ta Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ina zaune a kan bencin masu jiran ɗinki a shagon mahaifina, shi kuma yana can ciki yana yanka yadi yana 'yar waƙarsa, bai san abin da ke cina ba.

Bana na gama karatun kimiyyar kwamfuta. Baba tela ne, kuma tun da na dawo gida sunana ya koma Injiniya. Da ya ce in zaɓo wa shago kwamfuta, ban yi wasa ba. Abin da ya fi damuna shi ne awon mutane: tsawo, ƙugu, ƙirji, lambar waya, har da hotunan da mata ke turowa na ɗinkin da suke so. Amana ce, ban so ta zauna a na'urar da ke aika bayanai inda ban sani ba. Don haka na nemi wadda za ta karɓi buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta. Na tabbatar intanet zai yi, na gwada firinta, na ga ana iya sauya batir, kyamarar ma tana da murfi. Na goge babbar manhajar da ta zo da ita, na saka tawa.

Yayana ya ce na sayo wa Baba akwatin ƙarfe, wai ko kakarmu ta girme shi da kaɗan ne. Amma gaskiya kowa na jin daɗin kwamfutar. Ba ta tsaiko, ba ta watso talla. Baba ya ɗinka mata riga da ragowar yadi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, ya ce a nan asirin kowa a rufe yake, 'yarsa ce ta haɗa. Ina jin haka sai in ji kamar in yi tsalle.

To jiya mai sayar da kekunan ɗinki ya zo. Ashe Baba ya yi odar keken surfani na zamani, saboda wata makaranta ta ba shi aikin saka tambarinta a aljihun rigunan ɗalibai, kuma dama saboda keken yake son kwamfutar. Mutumin ya duba ta ya ce manhajar zanen da ke zuwa da keken ba ta aiki sai a kan wadda na goge. Baba ya yi dariya ya ce masa, “Bar wannan, Injiniya ta san yadda za ta yi.”

Anti, na bincika komai, amma ban taɓa tambayar Baba me zai yi da ita ba. Keken zai iso mako mai zuwa. Ban san ko yana karɓar zane ta filash ba. Ban san ko buɗaɗɗiyar manhajar zane za ta fitar da irin fayil ɗin da yake karantawa ba. Ban kuma san da wane baki zan ce wa Baba ban sani ba. In mayar da tsohuwar manhajar in bar awon mutane a buɗe, ko in dage aikinsa ya lalace?

'Yar Tela

*

'Yata,

Sannu da ƙoƙari. Damuwarki a kan awon mutane daidai ce, ba tsirfa ba ce, kuma zaɓinki bai ɓaci ba. Sai dai kwamfutar ta shago ce, shagon kuma da aikin keke yake ci. Duk tsaron da zai sa Babanki ya saɓa alkawarin makaranta, ya yi tsada.

Ki fara da abin da kike tsoro. Yau ɗin nan, bayan ya ajiye almakashi, ki ce masa akwai abin da ba ki tabbatar ba, kina bukatar kwana biyu ki gwada. Tela ya fi kowa sanin cewa ana gwada riga kafin a gama ta. Ba zai raina ki don wannan ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji labari ranar da riguna suka taru a tebur.

Gobe ki je wurin mai kekuna da filash ɗinki. Kada ki tambaye shi wace manhaja ake amfani da ita, abin da ya saba kawai zai faɗa miki. Ki nemi lambar samfurin keken da takardar bayaninsa, ki ga irin fayil ɗin da yake karantawa. Da yawa cikin irin waɗannan kekuna filash ake soka musu, ba ruwansu da inda aka yi zanen. Akwai kuma buɗaɗɗiyar manhajar zanen surfani. Ki zana tambarin, ki roƙe shi ku gwada a kan ƙyalle. In harafi ya fito tsaf, zare bai cukurkuɗe ba, kin huta.

In bai yi ba, kada ki mayar da abin yaƙi. Ki raba kwamfutar gida biyu: ki dawo da tsohuwar manhajar a gefe guda don aikin keke kawai, ki hana ta intanet in ban da lokacin sabuntawa. Awo da hotuna su zauna a naki ɓangaren, a kulle da kalmar sirri. Ki koya wa Baba yadda zai zaɓi ɓangaren da yake so idan ya kunna, ki zauna kusa da shi har hannunsa ya faɗa.

Nan gaba duk wanda ya ce ki zaɓar masa waya ko kwamfuta, ki fara sa shi ya ba ki labarin aikinsa, sannan ki buɗe takardun bayanai. Yayanki kuwa, ki bar shi ya yi tsiyarsa, amma shi zai kai ki wurin mai kekuna gobe.

Allah ya sa zaren ya hau lafiya, ya ƙara wa shagon Baba albarka, ke kuma ya ba ki aikin da zai dace da wannan natsuwar taki.