Makullin Babur ɗin Baba

Ushafa, Abuja
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yaya Abdulmajeed,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Sumayyah da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sassauta muku sanyin Ingila. Mu nan alhamdu lillahi. Auta Khairat ta koma makaranta Zariya, gidan ya rage daga ni sai Baba sai rediyonsa.

Na ga bidiyon da ka turo, na Baturen da ke koyar da tuƙin babur a lokacin kaka. Na kalla har ƙarshe don kada a ce ban kalla ba. Ya yi dogon gargaɗi kan jiƙaƙƙen ganye a titi, Allah Ya saka masa. Sai dai Baba masara ce ta kayar da shi. Wataƙila ka manta, da damina ta ɗauke manoma kan mai da gefen kwalta wurin shanya. A kwanar da ke gaba da masu tukwane wata tifa ta matse shi, ya kauce ya hau shanyar, ya damƙe birkin gaba, taya ta zame. Ya gurje gwiwa da kafaɗa, hular kwano ta tsage, amma kansa ya tsira. Mai masarar, wata mata Perpetual, ita ta ɗaga shi. Ta ce mini da jini a wandonsa ya durƙusa yana taya ta tattara masara yana ba ta haƙuri.

Ka ce a waya in karɓe makullin, na kuma karɓe. Umarni ba ya da nauyi a bakin wanda ke nesa. Baba bai yi gardama ba. Ya ciro shi daga aljihu ya ajiye kusa da kofin shayi, ya ce ai yaran yanzu sun fi iyayensu sani. Yau kwana goma sha biyu ke nan.

Ina fita ma'aikata da sassafe, cunkoson motoci a hanyar Dutse ba ya sako ni sai magariba. A kujerar baranda nake barinsa, a nan nake tarar da shi. Tun rasuwar Umma babur ɗin nan ne ke kai shi Bwari wurin Malam Datti, abokinsa ɗaya da ya rage, su wuni a bakin shago suna musu kan abin da ya wuce shekara arba'in. Jiya na ji shi yana amsa sallamar mai karanta labarai. Ban yi dariya ba, don ni ma a hanya da motata nake hira. In mun zauna cin abinci, ƙarar cokali kawai ake ji.

Don haka yau da safe na mayar masa da makullin. Na sayo sabuwar hular kwano, bakanike ya canza tayar gaba da ta suɗe. Na ce in ya ga shanya ya rage gudu tun daga nesa, in babbar mota ta taho ya tsaya ta wuce, ya riƙa lallaɓa birki, ya kira ni da zarar ya isa. Ya saurara kamar ɗalibin da ya san malamarsa ba ta taɓa tuƙa babur ba. Na san zai iya sake faɗuwa, na kuma san wadda dangi za su tuhuma. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In kana ganin na yi kuskure, ka zo ka karɓa da hannunka, sannan ka zauna da shi mako guda a barandar.

Ka gaishe mini da Anti Sumayyah, da Mubarak da Mashkura, ka ce kakansu na tambayarsu. Baba ya fita da babur tun ƙarfe goma, yanzu ana kiran azahar. Wayar na kan cinyata, bai kira ba tukuna.

Ƙanwarka,
Nazeefa