A Bar wa Ruwa Hanyarsa

Plumstead, Landan

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Mu nan lafiya lau, sai dai ruwan watan jiya ya ɗan shigo mini flat. Kada Inna ta ji, kafet ne kawai da littattafaina. Da can unguwar da nake zaune fadama ce. Aka yi gine-gine, maƙwabta suka shafe lambunansu da siminti don ajiye mota, ruwa ya rasa inda zai nutse.

Yanzu duk Asabar ni da ɗalibaina muna fasa daɓen muna shuka. Tsohuwar da ta kore mu da farko, yau ita ke kawo mana shayi.

Yaya, na ji za ka cike fadamar bayan gidanmu na Ikorodu ka gina shaguna. Ta nan ruwan unguwa ke gangarawa teku, kuma ɗakin Inna ne a kwari. Don Allah ka dakata zuwa Disamba. In na zo, mu zagaya wurin tare, mu samo inda shaguna za su zauna, ruwa ma ya wuce.

Allah ya ƙara buɗi.

Ƙanwarka,
Fauziyya