Tambayar da Rabi'atu ta yi mini a bakin gona

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara, ranar Lahadi za a yanke magana.

Ni manomin masara ne a Ƙarfi. 'Yata Rabi'atu tana aji biyu a jami'a, falsafa take karantawa. Lauya muka so ta zama, wannan aka ba ta, na ce to, da babu gara ba daɗi.

Shekara goma sha bakwai ba ma ga maciji da maƙwabcin gonata Ɗanladi, don na haƙiƙance asiri yake yi yana janye albarkar gonata zuwa tasa. Da hutun nan ta kai mini fura gona, na nuna mata masararsa kore shar, ina ta faɗa. Ba ta musa mini ba. Cikin ladabi ta tambayi abin da nake cewa a shekarar da gonarsa ba ta yi kyau. Na ce asirin ne ya karye. Sai ta ce in ta yi kyau asiri, in ta lalace asiri, to me zan gani in yarda ba asiri ba ne?

Malam, ka ji fa. Yarinyar da na goya a kafaɗa! Kwana uku ina juya tambayar nan, sai na tuna kowane rani Fulani na sauka da shanunsu a gonarsa. Ashe taki ne! Na sha ganinsu da idona. Wallahi ban san ana koyar da irin wannan a aji ba.

Da na ba yayana Alhaji Awaisu labari, ya ce falsafa musun Allah take kai mutum, kada ta koma. Ni ma na tsorata. Tambayar da ta tuge abin da na riƙe shekara goma sha bakwai, me zai gagare ta? Sallarta dai ba ta canza ba. In bar ta ta koma?

Manomi daga Ƙarfi

Ɗan'uwa, tsoron yayanka ƙauna ce, kada ka raina shi. Akwai waɗanda karatun nan ya ruɗa, galibi waɗanda suka shige shi ba tushe, ba kuma wanda za su tambaya.

Amma duba abin da tambayar ta tuge: mugun zato ne, wanda addini ya riga ya hana ka. Malamanmu na zaure ma suna karanta manɗiƙi don auna hujja.

Ka bar ta ta koma. Ku haɗa ta da malamin da yayanka ya amince da shi, wanda tambaya ba ta fusata shi, ta riƙa kai masa abin da ya shige mata duhu. Ranar Lahadi ku kira ta a ji ta bakinta.

Sai dai kafin Lahadi akwai Juma'a. Ka je ka miƙa wa Ɗanladi hannu ka nemi gafararsa, kada ya zama kai ne ka faɗi jarrabawar da 'yarka ta ci.

Allah ya yi mata albarka, ya ba ku damina mai albarka kai da maƙwabcinka.