Giwan Ruwan Habu

Daren Alhamis, Wara.

Yau ƙanena Habu ya kama giwan ruwa, irin wanda sai mutum biyu ke ɗauka. Tun Baba yana da rai, babban kifi ba ya barin bakin ruwa sai an yankar wa Inna rabonta. Da labari ya iso gida, ta sa na wanke babbar tukunya, na jajjaga tattasai.

Har la'asar shiru. Ashe ɗaure kifin ya yi a bayan babur, ya kai Yelwa gidan wani ɗan siyasa da ko sunan Habu bai sani ba. Na ga hoton a wayar maƙwabciyarmu: ya durƙusa, baki har kunne, mutumin ko kallonsa bai yi ba.

Da ya dawo na tare shi a zaure. Wai, "Yaya, ba ki san harka ba. Manya aka yi ma hidima." Wato Inna da ta goya shi ba ta kai babba ba ke nan.

A wurin manyan ƙasa ya koyi wannan hali. Da ruwan nan namu ake yin wutar da ke haska biranen da ban taɓa gani ba, ni kuwa ga ni ina rubutu da tocila a haƙora. Ƙasar gaba ɗaya inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta.

Inna ta ci tuwonta da miyar kuka lami, sannan ta ce, "Ki aje ma Habu nashi, ƙila can ba su ba shi komi ba."

Na ajiye. Ya kuwa cinye tas, har da suɗe kwano.